Motar da Na Ce Tamu Ce

Lahadi, 12 ga Oktoba 2025

Yaya Hamisu ya zo daga Damagaram taya Baba girbi. Ya zo da sabuwar salula, wai sabuwa, gilashinta duk a tsage. A ciki akwai wasan tseren motoci. Bayan la'asar ya zauna gindin rumbu yana yi, yaran gida sun rufe shi. Ni ina gefe da littafina, wai karatu nake. Shafi guda na yi ta maimaitawa.

Kowace mota da 'yar tutarta a gefe. Yana nuna musu: wannan mai jan ɗigo Japan, wannan Jamus masu Marsandi, wannan Faransa masu Fijo. Salima ƙanwata ta ce, "Yaya, ina tamu?" Ya nuna san amalankenmu da baki, ya ce, "Ga taku can tana cin harawa." Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ban san me ya sa abin ya tsaya min a rai ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Malaminmu Mushe Maina ya raba mana eksfoze, wato jawabin da ɗalibi ke yi wa 'yan aji, mutum bibbiyu. Ni da Mas'uda an ba mu abubuwan da ake ƙerawa a Nijar. Larabar sama za mu tsaya gaban kalas. Gaban kalas! Ni da ko sunana aka kira sai muryata ta gudu ta bar ni. Mas'uda har ta jera nata: kilishi, tabarma, takalman fata, man gyaɗa. Abin da kowa ya sani.

Su Abdulmajid, wani yaro a kalas ɗinmu, aka ba tafkuna. Da ya juyo neman biro idonsa ya bi ta kaina. Ta kaina ko ta kan taga, oho. A littafin soyayyar da nake karantawa dai da irin wannan kallon aka fara.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na yi abin da ban taɓa yi ba. Na dawo daga lakwal, makarantarmu ta boko, na tarar Yaya ya bar salularsa a sharji tana shan wuta a ɗakin Inna, ya koma gona. Na ɗauka. Ina ta waige-waige kamar na ɗau naman miya.

Tuƙin ba wuya, karkata salular ake yi. Na daki bango ya fi a ƙirga, motar ta dawo sabuwa fil ba ko ƙwarzane. Da na gaji na shiga duba motocin ɗaya bayan ɗaya, har can ƙarshe inda Yaya ba ya zuwa. Sai ga ta. Wata doguwa, baƙa, mai faɗin ƙirji. Tutar gefenta: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa, da ɗan da'ira a cikin farin.

Tutarmu!

Sai da na tashi tsaye. Na rufe na sake buɗewa, tana nan. Sunan ban iya karanta shi sosai ba, tsagar gilashin ta bi ta kansa, amma ai a Yamai akwai kamfanoni da yawa da ba mu sani ba mu na nan Dungas.

Ban gaya wa Yaya ba. In na faɗa zai san na taɓa masa kaya. Kuma, gaskiya, so nake ta zama tawa ni kaɗai tukuna.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na gaya wa Mas'uda a hanyar fanfo. Ta sauke jarkarta ta ce, "Nabila, mota? Nijar? Kin tabbata?" Na ce da idona na gani. Ta ce a tambayi Mushe. Na ce in mun tambaya kowa zai ji, daɗin ya tafi. Har rantsuwa na yi mata.

Na zana motar a babbar takarda. Na yi ta ɓata fensiran kalar Salima a kan tutar.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na riga na gama tsara yadda za a yi. Zan buɗe takardar, kalas ya yi tsit. Bayan an tashi Abdulmajid zai tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ashe haka kike?" Ni kuma in sunkuyar da kai in wuce ban ce komai ba. Na gwada sunkuyawar a madubin Inna. Ta gefen hagu ta fi.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ba zan iya rubutawa ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ban je lakwal ba, na ce kaina ke ciwo. Gara in rubuta ko zai daina dawowa.

Mas'uda ta yi nata lafiya, kilishi da tabarma. Ni na buɗe takardar. Muryata ta fito, abin mamaki, har da ƙarfi. Na ce ƙasarmu tana da motarta da ake tsere da ita tare da na Japan da Jamus, duniya duk ta sani, mu ne kawai ba mu sani ba. Na ce wannan! "Mu ne kawai ba mu sani ba." Mushe ya cire tabarau ya ce a ina na gani. Na faɗa.

Sai Abdulmajid ya ɗaga hannu. Bai yi dariya ba, da ma ya yi. A hankali ya ce, "Mushe, na san wasan. Tutar Indiya ce. Tasu da'irar shuɗiya ce mai ƙafafu kamar tayar keke, tamu rana ce ruwan goro."

Na ji shirun kafin dariyar. Shirun ya fi ciwo.

Daga baya wani ya ɗauko waƙar fim ɗin Indiya ta hanci, 'yan bayan kalas suka amsa, ana buga tebur. Mushe na cewa a yi shiru amma na ga gefen bakinsa. Mas'uda tana riƙe da ɗaya gefen takardar, ta sake shi, takardar ta naɗe ta bar ni da ita a hannu. Ban san yadda na koma benci ba.

Na sake satar salular yau na duba. Na matso da ita har hancina. Shuɗiya ce. Ƙarama ƙwarai, kuma tsagar ta bi kusa da ita, amma shuɗiya ce. Ranar nan ma shuɗiyar ce. Ni ce ban so in gani ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Kai bai daina ciwo ba. Inna ta dube ni ta ce, "Wannan ciwon kai da yake barin mutum ya ci tuwo malmala biyu."

Salima ta kawo labari daga waje: sunana yanzu Hajiyar Indiya. Har masu kabu-kabu na bakin tasha sun ji. Yaya ya ji. Ya yi dariya har ya kwanta a kan damin gero, sannan ya ce, "Ke, da kin tambaye ni mana." Bai ma yi faɗan salular ba. Da ya yi faɗa da na samu abin yin kuka a kai.

Mas'uda ba ta zo ba. Ta aiko Salima ta ce Mushe ya ce mu sake Laraba mai zuwa, in ba mu yi ba sifili gare mu duka biyu. Ta ce kuma a gaya min ita ba ta taɓa cin sifili ba a rayuwarta.

Ba zan koma kalas ɗin nan ba. Na buɗe littafina, yarinyar ciki ta yi tuntuɓe saurayin ya tare ta. Na rufe. Ba a taɓa yi mata waƙa da tebur ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Jiya Inna ta ja ni suna ƙauyen su Gwaggo Uwani, ta ce tunda ba na lakwal sai in riƙe mata kwano. Mun shiga buɗaɗɗiyar motar Malam Bukar, mu da buhuna da akuya biyu. Na ja hijabi har ido kar wani ya gane ni.

Da aka ratse daga babbar hanya sai rairayi. A wasan Yaya akwai wata hanya wai hamada ce: tudun yashi sumul, dabino a jere, raƙuma tsaye a gefe ba mai tsallakawa, mota na gudu a kai kamar kan gudoro mai kwalta. Har sha'awa ta ba ni ranar da na gani. Tamu hamadar kuwa ba mu yi nisa ba motar ta yi gurnani ta zauna. Taya na juyawa, yashi na watso mana a baki. Aka sauko aka rage iskar tayoyin, aka tona gabansu da hannu, aka karyo karan gero daga gonar wani bawan Allah aka shimfiɗa. Akuya ɗaya ta tsinke, wani tsoho ya bi ta.

Ina tsaye kusa da ƙofar direba sai na lura ƙofar fara ce, motar kuwa shuɗiya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce wa Malam Bukar, "Baba, wannan motar ta wace ƙasa ce?" Ni! Da baƙon namiji!

Ya share gumi ya ce daga Japan ta fito, amma injin da ta zo da shi ya daɗe da mutuwa, wannan na wata ne. Bodin baya a Magarya aka yi waldarsa, ƙarafan da muke riƙewa wani maƙeri ya lanƙwasa, kujerarsa matarsa ta ɗinke da buhu. Sai ya ce, "Yanzu dai taku ce, 'yata. Zagaya baya ki tura."

Na tura. Ni da Inna da wata mai goyo. Da ta fita muka bi ta da gudu muka ɗare, Inna na haki tana dariya tana cewa zaninta ya tafi. Hannuna duk baƙin mai.

Duk hanyar dawowa ƙarafan nan nake kallo, inda aka yi waldar, kamar tabon ƙuna.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na koma. Tun daga bakin ƙofar lakwal aka fara waƙar. Na zauna, ban ɗaga kai ba har aka tashi.

Na tare Mas'uda na gaya mata abin da nake son yi. Ta ce, "Mota kuma? Ke ba ki daddara ba?" Na ce wannan na taɓa ta da hannuna, na nuna mata baƙin man da ya ƙi fita a farcena. Ta ce za ta riƙe takarda, amma in aka fara waƙa za ta ce ba ta san ni ba.

Laraba, 29 ga Oktoba

An yi.

Na fara da cewa tutar ta Indiya ce, na yi kuskure. Muryata kamar ta sauro. Aka yi dariya, na jira ta ƙare, ba ta ƙare da wuri ba. Sannan muka buɗe zanen motar Malam Bukar, kowane yanki na rubuta inda aka yi shi. Na faɗi yadda ake fid da ita daga rairayi. Wani daga baya ya ce, "Wallahi na santa, mai farar ƙofa!" Wasu suka ce su ma.

Abdulmajid ya ɗaga hannu. Ya ce gyara daban ƙira daban, motar dai ta Japan ce.

Sai na ji ina cewa, da Hausa tsagwaronta, "To a cire mata duk abin da aka sa mata a Magarya, ka hau, mu ga ko za ta kai ka gida." Kalas ya ɗau ihu. Mushe ya buga tebur ya ce da Faransanci ake magana a nan. Na maimaita da Faransanci, duk ya karkace, aka sake dariya.

Mushe ya ce maganar Abdulmajid tana kan hanya, Nijar ba ta da kamfanin mota, kada in sake ruɗa mutane. Ya ce amma wannan karon na duba da kaina. Makin da ya ba mu tsaka-tsaki ne. Mas'uda ta ce ya ja mata baya, amma ta ba ni rabin fankenta.

Ban kalli wajen da Abdulmajid yake zaune ba. Kunyar abin da na faɗa masa nake ji yanzu, kamar 'yar tasha. Wace yarinya ce a littafi take yi wa mutum irin wannan magana?

Bai tsaya bakin ƙofa ba. Ni ma ban tsaya na duba ba, sai Mas'uda ce ta gaya min.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Har yanzu Hajiyar Indiya. Da alama ya zauna.

Talata, 4 ga Nuwamba

Yaya ya koma Damagaram. Gero ya shiga rumbu, gidan ya yi shiru.

Ba wani labari yau. An yi zafi. A darasin lissafi Madam ta yi tambaya, ba wanda ya motsa, na ɗaga hannu. Ban ma san dalili ba, hannun ne ya tafi da kansa. Amsar ba daidai ba ce. An ɗan yi dariya, Madam ta gyara, na goge na rubuta ta daidai.

Sai da na iso gida, na cire hijabi, na zauna ina tsince wake, sannan na tuna ya kamata a ce na ji kunya.