Kajin da Kika Ƙi Sa wa Hannu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yaya Hafsa, a Yanbu. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya karatu, ya baƙunta? Ni ce ƙanwarki Zulai. Na san mutane za su karanta wannan a shafin da kika buɗe mini, kuma gabana yana faɗuwa. Amma idan na kira ki a waya gaisuwa kawai nake iyawa, sai in miƙa wa Umma.

Wata biyu ke nan rabona da cin kaza. Ko Umma ce ta soya, da ƙamshin ya shigo ɗaki sai zuciyata ta tashi. Tana cewa tsirfa ce. Ke kin san ba tsirfa ba ce.

Ina tuna yadda satinki yake a nan. Kwana uku a jami'a, kwana uku a kamfanin dafa abincin masu umra da ke unguwar Safa. Kin ce mini haka digirin naki yake, rabi a aji rabi a kicin, kuma duk satin da mai kula da ke bai sa hannu a littafin horo ba, jami'a ba ta ƙirga shi. Mai kula da ke kuwa Alhaji Manzo ne, abokin Baba tun Damagaram, shi ya samo miki gurbin. Sati goma yana ce miki ki bari, zai sa hannun gaba ɗaya.

Ranar Asabar ɗin da Umma ta raka Baba asibiti, kika tafi da ni don kar in zauna ni kaɗai. Muka ajiye waya a akwatin bakin ƙofa kamar yadda dokar wurin take. Kika sa mini hular raga, kika zaunar da ni kusa da ɗakin sanyi.

Da kika buɗe ƙofar, ba sanyi ne ya fito ba. Wari ne, irin mai shiga har maƙogwaro. Ashe injin ya mutu tun Alhamis, ba wanda ya lura. Kajin sun yi kore-kore a ƙarƙashin fiffike. Wani ruwa mai yauƙi yana ɗiga daga kwalaye, ya gangaro har gindin takalmina. Na ɗaga ƙafafuna sama.

Aikinki shi ne ki soka ma'aunin zafi a nama, ki rubuta lambar, ki sa hannu. Ma'aunin ya nuna goma sha takwas. Alhaji ya ce ki rubuta huɗu, lambar naman da ke lafiya, yalla, maza, motoci suna jira. Ya sa a kawo lemon tsami da kayan yaji. Har yau ina jin muryarsa yana cewa in ya sha yaji, wa zai sani? Yana faɗa yana jan carbi.

Tsofaffi ne fa za su ci, Yaya. Irin Kaka. Mutanen da suka baro ƙasashensu don su ga Ɗakin Allah sau ɗaya kafin su mutu.

Kika rubuta goma sha takwas. Kika tsaya a bakin ƙofa, kika ce babu kwalin da zai fita sai dai zuwa shara. A ƙarshe zubarwa aka yi. Amma takardarki yage ta ya yi, ya rubuta wata da hannunsa. A littafinki kuma ya rubuta cewa ba ki da ladabi, ba ki iya aiki ba.

Bai tsaya nan ba, sai da ya zo har gidanmu a Hindawiyya. Ya miƙe ƙafa a falo yana gaya wa Baba kin wulaƙanta shi a gaban yaransa a kan kajin da lafiyarsu ƙalau. Ni na kawo shayi. Baba ya ce ai ni ma ina wurin, me na gani?

Yaya, tun ina ƙarama aka koya mini ba a musa wa babba, balle baƙon Baba, balle ina riƙe da faranti a gabansa. Na kalli kofuna na ce ban sani ba.

Ba ki yi mini faɗa ba. Da ma kin yi. Kallona kawai kika yi, kika tashi kika shiga ɗaki. Alhaji ya kurɓi shayin ya ce ya yi daɗi, Allah ya yi mini albarka. Wallahi ƙyamar da na ji a lokacin ta fi ta ɗakin sanyi, kuma rabinta ta kaina ce.

Ma'aikatan kicin duk sun gani, amma iƙamarsu, takardar izinin zama a ƙasar, a hannun kamfanin take, kowa ya ja bakinsa. Jami'a ta ce babu sa hannu, babu shaida, halas, wato shi ke nan, ki sake daga farko. Ga Baba kuma ya yarda da maganar Alhaji, shi ya sa kika bar gida kike can Yanbu a gidan Goggo, kina safa da marwa zuwa aji, 'yan ajinku kuma za su gama su bar ki. Goggo ma na ji tana cewa da kin rubuta huɗun kin huta. Ita ma ta ba ni haushi.

Ga dalilin wasiƙar. Satin da ya wuce muna tsintar shinkafa, na gaya wa Umma komai. Ta gaya wa Baba. Ranar Lahadi ya kai ni jami'arku, ofishin Daktora mai kula da horonku. Ban ɗaga kaina ba ko sau ɗaya. Larabcina ya gudu, Hausata ta gudu, na dinga haɗa su. Amma na faɗi koren fiffike, na faɗi lemon tsami, na faɗi goma sha takwas. Ta tambaye ni sau uku ta hanyoyi daban-daban, sau uku na maimaita abu ɗaya. Jiya ta kira Baba, ta ce sun bincika wurin mai gyaran injin, ya tabbatar da maganata, za a ƙirga miki sati goman.

Baba bai kira ki ba tukuna. Yana ɗaukar waya yana ajiyewa. Ki yi masa uzuri, kunyarki yake ji.

Ni ma ki yafe mini, Yayata. Na bar ki ke kaɗai a ranar da kalma ɗaya daga bakina ta isa. Ina kewarki sosai. Gadonki ban bari kowa ya hau ba.

Allah ya tsare ki a inda kike. Allah ya sa ki gama tare da 'yan ajinku, ya tsarkake duk abin da hannunki zai ciyar da mutane. Ni kuma Allah ya ba ni baki a lokacin da ya dace, ba bayan wata biyu ba. Amin.

Taki ƙanwa mai jiran ki dawo,
Zulai