An Naɗa Wani Sarkin Gangara

Zuwa ga Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Unguwar Kanawa lafiya lau, Hajiya ma ƙafar da sauƙi.

Hannuna ya warke, mai ɗori ya kwance karan. Ranar Asabar na je sayen sabon keken hawan dutse, tunda wancan ya lanƙwashe a faɗuwar. Habibu ɗan Kawu ne ya raka ni. Na zaɓi mai faɗin taya da birki mai kamawa sosai, don birki ne ya ci amanata. Mai shago ya ce, "Malam, hau ka gwada." Ina ɗora ƙafa kan feda sai tsoro ya kama ni, na sauke ta. Habibu ya karɓa, ya zaga layin har da sakin hannu. Ni fa na koya masa keke, ina riƙe masa sirdi.

Abin da ya fi ci mini rai, abokan hawanmu na safiyar Lahadi yanzu shi suke kira Sarkin Gangara. Shekara shida sunana ke nan. Wata uku kacal na yi ina jinya, aka naɗa wani ban yi murabus ba.

Turo keken na yi har gida, duk wanda ya tambaya na ce taya ce ba iska.

Ka gaishe mini da kowa. Ka sa ni a addu'a, Allah ya cire mini tsoron nan, ya kuma wanke mini zuciya, don jiya da na ji ƙaya ta fasa wa Habibu taya, sai da na ƙara tuwo.

Ƙaninka,
Nura