Bishiyar da Ta Ba Ni Baya

Zuwa ga ɗana Senyo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Dzifa. Ubangiji ya tsare ku daga sanyin ƙasar da kuke ciki, ya sa albarka a aikinku. Mu nan garin Ho lafiya lau, in ban da gwiwata da ba ta gajiya da ƙorafi. Ƙanwarka Akpene ta aiko cewa bana a Takoradi za ta yi Kirsimeti, wurin dangin mijinta. Ban hana ta ba, tunda ni ma haka na yi wa tawa uwar.

Jiya da la'asar na sauko da bishiyar Kirsimeti, karo na farko tun rasuwar babanka. Na tarar da wayoyin fitilun guda biyu a naɗe jikin kwali, yadda hannunsa ya bar su. Da na jona su da wuta, ko ƙwai ɗaya bai kama ba. Ka san halinsu, in ɗaya ya mutu duka sai su yi yaji. Na zauna ina bin su ɗaya bayan ɗaya, in zare in sa wani, kamar yadda yake yi. Waya ɗaya ta farfaɗo, ɗayar kuwa ta ƙi. Maƙwabciyarmu Yawa ta leƙo, ta ce in watsar da tarkacen nan in sayi sababbi masu kiɗa. Na ce mata da tsohuwar zuma ake magani. Ta ce to ai ni ma tsohuwar zumar ce, sai dai ko ƙuda ya daina kawo mini ziyara. Mun yi dariya, amma bayan ta fita maganar ta zauna mini.

Ashe aikin nan na mutum biyu ne, ban taɓa lura ba. Babanka yakan hau kujera yana naɗawa, ni kuma in tsaya a bakin ƙofa in kanne idanu, ina gaya masa inda ya yi duhu. Yakan ce bai taɓa ganin shugabar leburori mai baki irina ba. Jiya ni ce mai naɗawa, ni ce mai dubawa. In gyara, in ja ƙafa zuwa ƙofa, in dawo. Har na ji bakina ya ce a ɗaga ta hagu kaɗan, sannan na tuna babu kowa a kan kujerar. Senyo, kaɗaici ya ishe ni, ba zan ɓoye maka ba.

Na san ka ce gidan nan ba ya shiguwa gare ka tun ranar jana'iza, ban kuma ga laifinka ba. Amma ni a cikinsa nake kwana. Ka zo bana, ko da kwana biyu ne.

Waya ɗaya ba ta isa zagaye bishiyar ba, gefe guda kawai ta rufe. Da can muna juya hasken ya kalli falo. Bana na ja bishiyar jikin taga, na juya hasken wajen titi, don in ka sauka daga mota a mararraba ka hango shi. Ni daga inda nake zama, bayanta kawai nake gani.

Ka gaishe mini da Dzifa da jikata Elikem. Kawunka Mawuli da Yawa suna gaishe ku.

Ni ce mahaifiyarka,
Afi