Hancin Obadiah

Barking, Landan

Yaya Badariyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Umma?

Kin tambaya ko sanyi yana damuna a jirgin ruwan da nake zaune. Ki kwantar da hankalinki. Akwai na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gas, kuma na haddace takardar bayaninta. Kafin in kunna nakan buɗe taga, in kwance bakin tukunyar gas a hankali, in shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu ko zai yi kumfa. Idan wuta ta ƙi kamawa, sai in rufe in jira minti biyar cif.

Sharaɗi ɗaya ne ya gagare ni. Takardar ta ce gas ya fi iska nauyi, idan ya zuba a ƙasan jirgi yake kwanciya, dole mutum ya durƙusa ya sansana. Ni kuwa tun zazzaɓin bara hancina ya daina jin komai. Maƙwabcina Obadiah, mutumin Jos, ke shigowa kowace safiya ya sansana mini. Jiya ya ce, "Malam, gas dai babu, amma miyar nan taka ta yi tsami." Ranar da ba ya nan ba na kunnawa, bargo biyu sun ishe ni. Ƙarshen wata zai koma unguwar Thamesmead, can ƙetaren kogi.

Kada Umma ta ji wannan. Idan ɗanki Jabir zai taso, ki ba shi daddawa, wadda ta fi ƙarfin wari. Kowace safiya zan buɗe ta in gwada hancina.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Abdulrashid