Tumatirin Mama da Sanyin Zofiya

Radom, ƙarshen Afrilu

Ƙanena Mirek,

Bayan gaisuwa da fatan ka iso lafiya daga Hamburg. Ni dai ina kwance a asibiti, an ɗaure mini ƙugu da ƙarfe, kuma likita ya ce sai ƙarshen Mayu zan taka ƙasa. Da ina da wani, wallahi da ban roƙe ka ba. Shekara ashirin ba ka riƙe fartanya a lambunmu na bayan layin dogo ba, ko jinyar Mama ta waya ka yi ta.

Mabuɗin gidana yana wajen Baba Ludwik, maƙwabcinmu na lambu. A tagar kicin za ka ga 'yan tukwanen tumatir. Irin Mama ne, wanda ta zo da shi daga ƙauyensu a ƙullin ɗankwali. Bara cuta ta cinye mini tumatirin gaba ɗaya, don haka abin da ya rage a kwalba duk na shuka, ko ƙwaya ban bari ba. Idan waɗannan suka mutu, irin ya ƙare a duniya.

Ka ba su ruwa, ka kafce ƙasa, ka zuba taki. Amma kada ka dasa su a waje sai ranar waliyiya Zofiya ta wuce, sha biyar ga Mayu. Ka san sanyi yana komowa a kwanakin nan ko da rana ta yi zafi. Mama ba ta taɓa saɓa wannan ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka,
Danuta

Radom, farkon Mayu

Yaya Danuta,

Gaisuwa da ya jiki. Kin iya faɗa ko a kwance, Allah ya ƙara sauƙi.

Albishirinki. Na cire ciyawa, na gyara shinge, na shafa wa bukka fenti, hannuna duk ya yi kanta. Garin nan zafi ake kamar tsakiyar Yuli, mutane har sun fara gasa nama a lambu. Tumatirin sun yi tsawo suna neman karyewa a taga, ni kuma wajen aiki sun kira, dole in koma kafin a sallame ki. Sai na dasa su jiya, layi biyu reras, don ki dawo ki tarar da lambu a shirye.

Baba Ludwik ya leƙo ta shinge ya ce, "Kai Bajamushe, me kake yi? Zofiya ba ta wuce ba!" Na ce, "Baba, Zofiyar nan budurwarka ce da kake ta jiran ta?" Ya ce, "Uwarka ta fi ka hankali," ya juya. Duniya ta canza, Yaya, sanyin tsofaffi ya tafi da su.

Naki,
Mirek

Radom, ranar Zofiya

Mirek,

Ina gaisuwa. Yau da safe na leƙa ta tagar asibiti, ciyawa ta yi fari fat da ƙanƙara. Na kasa cin abinci. Ka faɗa mini gaskiya.

Danuta

Hamburg, bayan Zofiya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ki kwantar da hankalinki, na rufe su da buhuna kafin in taho, ko ɗaya bai taɓu ba. Za ki gan su kore shar. In Allah ya yarda zan zo a watan Agusta mu ci tare, da gishiri da albasa a kan burodi, yadda Mama take yi mana.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Mirek

Radom, Yuni

Mirek,

Bayan gaisuwa. Na je lambu da sanda. Kore shar, kamar yadda ka ce, har sun fi ƙarfin shekarunsu. Sai dai tumatirin Mama ganyensa faffaɗa ne kamar na dankali, kowane yaro a layinmu ya san haka. Waɗannan ganyensu a tsattsage yake, na kasuwa ne. Baba Ludwik bai so ya yi magana ba, sai da na matsa ya ce ya gan ka washegarin ƙanƙarar kana tuge baƙaƙen karan da sanyi ya kashe kana kuka, sannan ka dawo da kwalin dashen tumatir daga kasuwa. Kukan ban ƙi ba. Ƙaryar ce ta ƙona mini rai, da ka ɗauka ba zan gane abin da nake reno tun ina yarinya ba.

A bayan labulen kicin na tarar da tukunya ɗaya, 'yar ƙanƙanuwa, da ka raina ka bari. Ta bushe rabi, amma tana da rai, na dasa ta jiya. Abin da ka manta da shi ne kaɗai ya tsira daga hannunka, kuma ni na san yadda ake rayuwa a haka.

Kada ka wahalar da kanka a Agusta. Duk abin da 'yar shukar nan ta haifa na iri ne, ba na ci ba.

Ka huta lafiya.
Danuta