Takalman da Ka Aiko Suna Djougou

Zongo, Parakou

Yaya Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zouéra da yara. Inna lafiya lau, sai kewarka.

Yaya, ƙafar nan tawa dai an gano kanta. Ka san yadda take yi: ina fara gudu a filin ƙwallo sai ƙwaurina ya ɗaure tamau, yatsu su mutu, in na zauna kuma ya sake kamar ba a yi ba. Shi ya sa mai horar da mu ya ɗauke ni rago. Inna ta kai ni wurin Idrisu wanzami, ya yi mini ƙaho, ya naɗe ƙafar da ƙyalle ya ce in riƙa gudu da shi haka. Ranar da na gwada, ɗauko ni aka yi daga fili.

A asibiti likita ya soka allura ya auna matsin naman ƙwaurin, ya sa na yi gudu, ya sake aunawa. Ya ce naman ne ke kumbura, jakar da ke riƙe da shi kuwa ba ta buɗewa, ɗaurin Idrisu ƙara matse shi ya yi. Hutu bai yi magani ba, sai aka yi mini aiki aka tsaga jakar. Ya ce zan koma gudu, amma ba bana ba.

To, ina kwance ƙungiyar ƙwallon garin Djougou ta aiko kirana gwaji. Mourtala ɗan Kawu ne ya tafi, suka ɗauke shi. Mourtalan da ni na koya wa tsayar da ƙwallo! Wallahi kishi nake yi, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Kowa a gida sai zancensa, ni kuwa sai “sannu da jiki”.

Da ya zo duba ni ya ga takalman da ka aiko mini, waɗanda ko sau ɗaya ban taka ba. Inna ta ce ajiye su ɓarna ne, ta miƙa masa. A gabana ya gwada, ina ta addu'ar su matse shi. Sun yi masa daidai.

Ka gaida Zouéra da Soumaya da Nafi'u.

Ƙanenka,
Djibril