Na Cinye Tukwicin Malam Isuhu

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku 'yan sharhi masu kaifin harshe. Ina gaishe ku da kyau. Don girman Allah a ɓoye sunana, domin mu Hausawan Dubai ba mu da yawan da mutum zai ɓace a cikinmu. Idan ka yi atishawa a unguwarmu Abu Hail, kafin ka goge hanci an yi maka addu'a daga unguwar Satwa. Kuma ina roƙo kada a fara zagina tun daga layi na uku. Ku bari in kai ƙarshe, ni ma na tanadar wa kaina zagi, kuma ya fi naku zafi.

Shekarata goma sha shida, ni ne auta a gidanmu. Abbana ɗan kasuwa ne, yana da wurin haɗa kaya kusa da Murshid Bazaar, inda ake ɗaure kwalaye a tura su Kano. Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci, mu uku muke wucewa wani gidan abinci da ke ƙasan wani ƙaramin otal a Deira: ni da Abba da babban wana, Yaya Nura, wanda yake aikin ofis. Shinkafar mandi muke ci, irin wadda naman rago yake sakin ƙashi tun kafin ka yi masa magana. Kuma duk Juma'ar Allah, da zarar an kawo takardar kuɗin abinci, sai a buɗe kotu. Abba zai sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta kuɗin hidima, ya ce, "Kun gani ko? Sabis caj! To da abincin da ƙafarsa zai zo? Kyautar da aka rubuta maka a takarda tun kafin ka yi niyya ba kyauta ba ce, haraji ne." Yaya Nura ya ce, "Abba, ai gara haka. Ma'aikaci ya san haƙƙinsa yana cikin takarda, ba sai ya yi ta washe haƙora yana jiran wani ya ga dama ba." Abba ya ce, "Kai dai boko ya cinye ka har ƙashi." Haka za su yi ta yi, ni kuwa ina gefe ina sharce tire. Na ji muhawarar nan har zan iya karanto ta daga baya zuwa gaba.

Mai kawo mana abinci a wurin Bahaushe ne ɗan Damagaram, sunansa Malam Isuhu. Ba yaro ba ne, ya haura arba'in, har da furfura a gemu, kuma 'ya'yansa huɗu suna can gida. Yana iya ɗauko tire uku a hannu ɗaya yana gaishe ka da ɗayan. Abba yana son sa ƙwarai, don haka bayan ya biya harajin da yake zagi, sai ya ware tukwici daban. Amma Abba ba ya miƙa wa babban mutum kuɗi a gaban jama'a, ya ce wannan tozartawa ce. Sai mun miƙe za mu fita zai dunƙule takardar dirhami hamsin ya cusa mini a tafin hannu ya ce, "Auta, je ka sallami Malam Isuhu, ka same mu a mota."

Makon farko na kai. Na biyu ma na kai. A mako na uku, tsakanin ɗan ɗakin labulen da muke zama a ciki da ƙofar kicin, taku goma sha biyu kacal, Shaiɗan ya zauna a kafaɗata ya buɗe darasi. Ya ce, ba Yaya Nura ya ce haƙƙinsa yana cikin takarda ba? An riga an biya shi. Ba Abba ya ce cuta ce a karɓi kuɗin hidima ba? To a biya sau biyu ai cuta biyu ce. Na ɗauki rabin maganar wannan na haɗa da rabin maganar wancan, na yi wa kaina fatawa, na shiga banɗaki na wanke hannu na fito. A mota Abba ya ce, "Ka ba shi?" Na ce, "Kalas, an gama, Abba." Wata bakwai ina wannan aiki. Shawarma ta ci, shayin karak ya ci, wasan waya ya ci, har abokaina suka fara kirana Shehin Abu Hail. Ban taɓa lissafawa ba, kuma kada wani ya taya ni.

Za ku ce, ya aka yi wata bakwai asiri bai tonu ba? Ai mu Hausawa ne. Mai kyauta ba ya tambayar kyautarsa, don kada ta zama gori. Wanda aka ba shi ne yake zuwa ya ce an ga saƙo, Allah ya ƙara arziki. Abba yana jiran godiya, kunya ta hana shi tambaya. Malam Isuhu kuwa ya ga tukwici ya ɗauke bayan mako biyu, kunya ta hana shi cewa komai, sai ma ya ƙara ƙoƙari, yana zaton ko wani laifi ya yi. Dattawa biyu suna ta yi wa juna kara, ni kuma ina tsakiyarsu ina ƙiba. Wa ya ƙirƙiro wannan tsarin? Da Abba yana miƙawa da hannunsa kamar kowa a garin nan, da yanzu ina da wannan bala'in?

Ga inda abin ya zama na kuka. Kwantiragin Malam Isuhu a otal ɗin zai ƙare ƙarshen watan nan, kuma an gaya masa ba za a sabunta ba. Idan bai samu wanda zai yi masa biza ba, sai gida. Abba kuwa yana neman mai kula da sito, mutum mai amana da zai riƙe makulli. Malam Isuhu ya nema, Abba ya ce za a duba, kuma duk gidanmu mun san idan Abba ya ce za a duba da wannan muryar, an gama, aiki ya samu.

Juma'ar da ta wuce Abba ya gayyato baƙi biyu daga Kano, abokan cinikinsa. An ci an sha, aka kawo takarda, aka buɗe kotu kamar kullum. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce shi kam ba ya ƙara ko sisi a kan abin da aka rubuta, domin ma'aikatan yanzu ba su san godiya ba. Ban san wace jijiya maganar ta taɓa ba. Abba ya cire tabarau ya ajiye. Daidai lokacin Malam Isuhu ya shigo da butar shayi. Abba ya ce, "Malam Isuhu, tsaya. Ban so in faɗa ba, amma abin ya daɗe yana cina. Wata bakwai, duk Juma'a ina aiko maka da ɗan abin da ya sawwaƙa ta hannun yaron nan. Ba don a gode mini nake yi ba. Amma bayan makonni biyun farko, ko sau ɗaya? Ko 'an gani'? Haka ake yi a Damagaram?"

Jama'a, na mutu a wurin. An yi mini wanka, an sallace ni, an binne ni a ƙarƙashin tiren shinkafa. Malam Isuhu ya juyo ya dube ni. Kallon bai fi ƙiftawa biyu ba, amma na ga lokacin da ya gane komai. Na jira ya ce, wane saƙo? Wallahi har na fara shirya kuka. Sai kawai mutumin nan ya ajiye buta, ya durƙusa a gaban baƙi, da furfurarsa da komai, ya ce, "Alhaji, saƙo yana isowa. Ni ne na yi sakaci. A yi mini aikin gafara. Allah ya ƙara arziki, Allah ya raya zuri'a." Allah ya raya zuri'a! Zuri'ar tana zaune da maiƙon kuɗinsa a baki!

A mota Abba ya ce wa Yaya Nura, "Wanda sai an roƙe shi godiya, ba zan ba shi makullin sitona ba. Wanda bai gode wa kaɗan ba, ba zai gode wa mai yawa ba." Yaya Nura ya ce, "Shi ya sa nake cewa a bar komai a takarda." Ni kuwa na manne da gilashi ina kallon titi kamar ranar na fara ganin mota.

Washegari Asabar da hantsi na ce zan je wurin abokina, na hau jirgin metiro na tafi otal ɗin. Na same shi a bayan kicin yana goge cokula. Na shirya jawabi mai tsawo, amma da na buɗe baki sai masifa ta fito. Na ce, "Malam Isuhu, me ya sa ka yi ƙarya? Wa ya sa ka?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan Alhaji, kai ka ci kuɗi, kuma kai ne da faɗa?" Na ce, "Ai na ɗauka ana ba ku kuɗin hidimar da ake cirewa." Ya ce, "Wanne? Wancan na otal ne. Wani watan a yafa mana wani abu, bayan an cire kuɗin farantan da suka fashe. Wani watan a ce babu ciniki. Abin da aka sa mana a hannu, shi ne namu." Kun ji fa! Wata bakwai ina kare kaina da layin da ko ƙofar kicin ba ya kaiwa. Su waye suke zama su rubuta hidima a takarda, su karɓa da sunan mai ɗaukar tire, su zuba a aljihunsu? Ni aƙalla na san ɓarawo ne ni. Su har rasit suke bayarwa!

Na ce zan je in gaya wa Abba komai. Sai ya ajiye cokali, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kul. Kada ka soma." Na ce, "Aikin fa? Abba ya ce ya fasa." Ya ce, "Na sani, tun a fuskarsa na gani. Amma saurara. Alhaji ya yi mini faɗa a gaban baƙinsa a kan abin da ban yi ba. Idan ya gano haka, kana zaton zai iya haɗa ido da ni kullum a sitonsa? Babban mutum yana yafe wa wanda ya yi masa laifi. Wanda shi ya yi wa laifi ne ba ya son gani. Ka faɗa, na rasa aikin, kai kuma ka rasa uba. Ka yi shiru, abu ɗaya kawai aka rasa." Na ce zan biya shi kuɗinsa, ko da zan sayar da wayata. Ya ce, "Ka riƙe wayarka. Kuɗin ba su ne biza ba. Yalla, tafi gida, manaja yana kallonmu."

Tun daga ranar nake jin haushin kowa. Ina jin haushin otal. Ina jin haushin Abba da kunyarsa da ta iya yin shiru wata bakwai amma ta kasa yin shiru minti ɗaya a gaban baƙi. Ina jin haushin Yaya Nura da takardarsa. Har Malam Isuhu ina jin haushinsa, domin da ya tona ni, da an zane ni an wuce wurin, da yanzu yana gwada makulli. Wane irin mutum ne za a zalunce shi ya durƙusa ya ba da haƙuri? Sannan idan na gama zagaye kowa, sai in dawo kan wanda ya shiga banɗaki ya wanke hannu, in ga babu wanda ya kai shi.

Ban san ko Malam Isuhu ya yi gaskiya game da Abba ba. Abbana mutum ne mai tsoron haƙƙi, na taɓa ganin ya bi wani ɗan dako har tashar mota don ya cika masa ladansa. Amma kuma mutum ne da bai taɓa cewa "na yi kuskure" a gabana ba tunda aka haife ni. Wanne daga cikin biyun zan tarar idan na buɗe baki? Ni kaina na san abin da zai same ni, wataƙila a tattara ni a kwali a tura ni Kano tare da kaya, kuma na cancanta. Amma idan na faɗa kuma duk da haka mutumin ya rasa aikin, me na gyara?

Yau da safe Abba ya miƙo mini wayarsa, don ba ya son rubutu a waya. Ya ce akwai wani da aka kawo masa a kan aikin siton, in rubuta masa ya zo ranar Litinin da fasfonsa. Na rubuta. Na tsaya ina kallon saƙon, yatsana a sama. Abba yana ɗaura agogo ya ce, "Ka tura?" Na goge shi, na ce, "Na tura, Abba." Ya shafa kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta."

Yau Alhamis. Ranar Litinin Abba zai zauna a ofis yana jiran mutumin da ba zai zo ba, kuma zai duba wayarsa. Malam Isuhu ya hana ni magana, kwanakinsa a garin nan suna ƙarewa, ni kuma na ƙara sabuwar ƙarya a kan tsohuwa. Anti, jama'a, ku zage ni daga baya, yanzu dai ku gaya mini.

Me zan yi?